Firizar da Ta Ɗauki Hoton Baba

Firizata ta mutu a shekarar da na shiga ajin manya. Ina sayar da nama a Parakou, kusa da bakin kasuwa, kuma firizar nan, wadda mu a nan muke ce wa konjelate, ta yi mini aiki tun ina da gashi a tsakiyar kai. Wata safiya na ɗaga murfinta na tarar da ruwa. Mai gyara ya zo, ya kwanta a ƙasa ya leƙa ƙarƙashinta, ya tashi ya karkaɗe riga, ya yi mini ta'aziyya.

Ban jefar da ita ba. Na tura ta bayan teburina, ina ajiye wuƙaƙe da tsummokara a ciki.

Ajin namu bayan la'asar ake yin sa, a wani zaure, sau uku a mako. Ina yaro na taɓa allo kaɗan, sai aka ɗauke ni zuwa fawa, boko kuwa ko ƙofarsa ban taɓa leƙawa ba. A benci ɗaya nake zama da wani dattijo da kowa ke kira Kawu. Dā mai ɗaukar hoto ne, ya rufe shagonsa lokacin da kowa ya samu waya. Ya iya karanta Faransanci sarai. Da na tambaye shi abin da ya kawo shi cikinmu, ya ce matarsa ce ta ce yana tsare mata hanya a gida.

Wata rana ya zo teburina sayen hanta, sai idonsa ya faɗa kan firizar. Ya zagaya ta kamar mai tayin saniya a kara. Ya ɗaga murfi, ya shafa robar bakinta, ya rufe, ya sake ɗagawa.

Ya ce, "Wannan kyamara ce. Ta daɗe tana aikin da ba nata ba."

Na ce, "Kawu, ai babu gilashi."

"Wa ya ce maka hoto na son gilashi? Duhu yake so, da huji. Duhun ya cika, hujin ya ƙanƙance. Saura haƙuri, shi kuma na ga kana da shi, tunda wata uku kana kan harafi ɗaya."

Haka muka fara. Muka cire injin. Na wanke cikinta da sabulu da toka har sau huɗu, muka shafe shi da baƙin fenti. A gefe guda muka yanke ƙofa kamar faɗin bakin kofi, muka liƙa mata murfin gwangwanin tumatir. Kawu ne ya huda murfin da tsinin allura, ni na goge bakin hujin a kan dutsen wasa wuƙa har ya yi sumul. Abin toshe hujin kuwa ɗan guntun fata ne da na rataya da ƙusa: a ɗaga shi haske ya shiga, a sake shi ya rufe. Duk wankin da na yi, kyanwoyin kasuwa ba su taɓa yarda cewa ta canza sana'a ba.

Fim ɗin da muke sa wa a ciki irin wanda likitoci ke ɗaukar hoton ƙashi da shi ne, kowane ɗaya ya kai faɗin faranti. Kawu na da ragowar kwali guda da ya ajiye tun da daɗewa. Ana manna shi a bangon ciki, daura da hujin, a ɗaki mai duhu, sai dai a kunna jar fitila. Ya koya mini wanki da ruwan magani kala biyu, ɗaya mai fito da hoto, ɗaya mai tsayar da shi. Ya kuma faɗa mini abin da ya fi komai: da huji irin namu, a inuwa, sai haske ya yi minti takwas yana shiga. Duk abin da ya motsa a cikin minti takwas ɗin nan, ba zai fito ba.

Muka gwada da layinmu na kasuwa, da hantsi, mutane kamar su taka juna. Da muka wanke, ga rumfuna, ga tebura, ga ƙugiyoyin nama, babu mutum ko ɗaya. Sai maƙwabcina mai sayar da kayan miya, wanda kullum ke ce mana ko numfashi ba ya samun yi saboda aiki. Shi kaɗai ya fito, tsaf, har da maɓallan rigarsa.

Gwaje-gwajen nan suka ci fim. Da muka ƙirga, saura uku. A nan ne na gaya wa Kawu abin da ke raina.

Mahaifina yana Djougou, a gidan da kakanninmu fataken goro suka gina. Ya tsufa ƙwarai, kuma daminar da ta wuce ya yi jinyar da ta tsorata mu. Ba shi da hoto a duniya sai na katin shaida, wanda ya koma kamar ɗigon man ja a takarda. 'Ya'yana a Parakou aka haife su, sau ɗaya ko biyu suke ganinsa a shekara. Ina so su samu fuskarsa. Amma duk wanda ya ɗaga waya a gabansa, sai ya ja rawani ya rufe fuska. Hujjarsa ɗaya ce, ba ya son abu mai ido ya ƙura masa kallo ba su gaisa ba.

Na je Djougou na same shi a ƙofar zaure. Bayan mun gama gaisuwa na ce, "Baba, na yi abin ɗaukar hoto da hannuna. Ba shi da ido."

"To da me yake gani?"

"Ba ya gani. Haske ne ke shiga ta huji."

"Da kansa yake shiga, ko kai kake jan sa?"

"Da kansa."

Ya tauna goro ya yi tunani. Ya ce, "Idan da ƙafarsa ya shiga, ba ruwana da shi. Guda nawa ke gare ka?"

"Uku."

"In sun ƙare, kar ka sake yi mini maganar."

Mako na zagayowa aka ɗaure firizar a saman taksi. Direba ya tambaye ni me ke ciki, na ce babu komai sai duhu. Ya dube ni, ya ƙara igiya ɗaya. Wata mata da ke zaune kusa da ni ta roƙe ni tun daga tasha har muka yi nisa in bar ta ta sa wagashinta, wato cukun Fulani, a ciki kada ya lalace. Na ce mata ba ta sanyi. Ta ce haka masu abu ke cewa.

A gidanmu akwai ɗakin goro, mai kaurin bango, ba taga. Tun da fataucin ya ja baya ba a ajiye komai a ciki sai tsofaffin huhunan goro. Nan na mayar ɗakin duhuna. Na ɗaure jan ƙyalle a bakin tocila, na manna fim na farko, na rufe murfi. Maza huɗu suka ɗauko firizar suka dire ta a kan turame biyu a ƙofar gida, hujinta na fuskantar wurin zaman Baba. Shi ya zaɓi wurin. Ya ce nan ubansa ya zauna, ba za a ɗauke shi a cikin gida tsakanin tukwane ba.

Na shiga in taya shi sa babbar riga. Ya canza hula sau uku. Da na fito, sai na ga yayata, wadda ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifiyarmu, ta ɗaga murfin firizar, rabin jikinta a ciki.

Ta ɗago ta ce, "Kai yanzu ka taso tun daga Parakou da konjelate guda, ko ƙashin miya babu?"

Na leƙa ciki. Rana tana dukan fim ɗina kai tsaye. Kusa da shi ta jera kwalaben zoɓo shida.

Na ce, "Yaya, haske ya shiga."

Ta ce, "To ai yanzu zan rufe, sai ya fita."

Ban ga laifinta ba. Duk wanda ya ga firizar mahauci a ƙofar gidan ubansa, hannunsa ne zai kai kansa. Na yagi takarda daga kayena, wato littafin rubutuna, na rubuta KADA A BUƊE da manyan baƙaƙe, na manna. Ita ce sanarwa ta farko da na taɓa rubutawa, kuma na daɗe tsaye ina kallonta. Sai na tuna cewa masu buɗe firiza a gidanmu babu wanda ya iya karatu. Na aika aka sayo kwaɗo.

Washegari na sa fim na biyu. Baba ya zauna a kan buzunsa, ya gyara riga, ya miƙe ƙafafu. Na ce masa kada ya motsa sai na yi magana. Na dubi agogo, na ɗaga fatar.

Ko minti ɗaya ba a yi ba wani maƙwabci ya ɓullo.

"Salamu alaikum. Baba an tashi lafiya?"

Baba ya juya, ya dafa ƙirji. Lafiya lau, ya gida, ya yara, ya ƙafar nan taka. Bai wuce ba wata mai koko ta durƙusa ta gaishe shi da yaren Dendi, ya amsa da Dendi. Sai wani manomi daga ƙauyen Sérou ya zo a kan moto, wato babur, da doya a baya, ya kashe inji, ya sauko, suka shiga gaisuwa da yaren Yom, wanda Baba bai iya ba sai gaisuwar, amma ita ya iya ta har ƙarshe. Layinmu hanyar kasuwa ce. A minti takwas ɗin nan na ƙirga mutum goma sha ɗaya. Tsakanin kowane biyu kuma yana taunar goro.

Na wanke fim ɗin a tasa a ɗakin goro. Bangon gidanmu ya fito da kowace tsaga. Buzu ya fito. Ƙafafun Baba sun fito har da farce. Babbar riga ta fito da aikin wuyanta duka. Daga wuya zuwa sama kuwa babu komai sai ɗan hayaƙi. Hannun dama ma babu.

Baba ya ɗaga shi sama ya duba da kyau. Ya ce, "Rigar ta yi kyau."

Yaya ta leƙa sau ɗaya ta ce in ɓoye abin nan kafin yara su gani su daina barci.

Saura ɗaya. Na zauna gabansa na ce, "Baba, don Allah, gobe in an yi sallama ka yi shiru. Minti takwas kawai."

Ya kalle ni kamar na ce ya fita ba wando. "Mutum ya yi mini sallama a ƙofar gidana in yi shiru? Kafin azahar labari ya kai har ƙauyen Onklou cewa na mutu, ko na yi arziki."

Na ce to a tare layin da benci. Yaya ta ce in aka ga benci a bakin layi, unguwa gaba ɗaya za ta zo tambayar wa ya rasu. Na kira Kawu a waya. Ya ce a zamanin dā akwai wani ƙarfe da ake kafawa a bayan mutum ya riƙe masa ƙeya. Na faɗa wa Baba. Ya ce in tambayi abokina ko ya ɗauka bajimi zan yanka.

Na bar maganar. Da la'asar ta yi na tuna ina da aikin aji, don malaminmu ya ba mu shafi biyu mu karanta kafin mu dawo. Na ɗauko littafin na zauna a gefen Baba na fara. A lokacin ba na iya karatu a zuci. Sai na ɗaga murya, yatsa a kan layi, in ja kowace gaɓa har sai ta gaba ta yarda ta fito. Na yi layi uku ko huɗu, sai na ji wani abu ya ragu a kusa da ni. Taunar goron ce ta tsaya. Na saci kallo. Baba ya ciro goron daga bakinsa ya riƙe a hannu, ya zuba wa takardar ido. Bai taɓa jin ina karatu ba.

Ana haka wani ya taho, ya buɗe baki zai yi sallama, sai ya ji muryata. Ya rufe bakin, ya ɗaga hannu kaɗan, ya wuce a hankali kamar mai tsoron tada jariri. A garinmu ba a katse karatu. Daga nesa kuwa, yadda nake jan murya, babu wanda zai ce ba babban littafi ne a hannuna ba.

Da na kai ƙarshen shafi na biyu na dubi agogo. Na sake farawa daga farko don in tabbatar. Minti takwas da ɗan ɗoriya. Ɗiyata ta fari tana karanta shafukan nan kafin shayi ya huce, amma firiza ba da saurinta take aiki ba, da nawa take yi.

Da safe na manna fim na ƙarshe, na sa kwaɗo, na jefa makulli a aljihu. Baba ya zauna. Ban ce masa kada ya motsa ba. Na tsaya a gefen firizar, na buɗe littafi, na ɗaga fatar, na fara.

Darasin a kan ruwan sha ne.

"A ɗe-bo ru-wa da gu-ga mai tsab-ta."

Maƙwabcin jiya ya fito. Ya ji karatu, ya cire takalmi, ya zauna a gefen Baba ya tanƙwashe ƙafa. Wannan ban shirya masa ba, amma ba halin in tsaya.

"A ta-ce shi da fa-rin ƙyal-le."

Manomin Sérou ya kashe motonsa tun daga bakin layi, ya turo shi da hannu, ya jingine, ya tsuguna. Wani tela ya zo ya zauna. Wani dattijo mai sanda ya zo ya buɗe tafukan hannu. Na san zuwa lokacin sun ji abin da nake karantawa. Amma mutumin da ya riga ya cire takalmi ya zauna, ba zai zama na farkon tashi ba.

"A ta-fa-sa shi. A bar shi ya hu-ce."

Mai sandan ya ce amin a hankali.

A tsakiyar shafi na biyu na ci karo da wata doguwar kalma da kullum take kayar da ni. Na tsaya a kanta.  Na ji tsoron shirun zai ba wani damar sallama, ko Baba ya ce wani abu don ya taimake ni. Babu wanda ya yi tari. Na koma farkon kalmar, na raba ta gida huɗu, na haye ta ɗaya bayan ɗaya. Da na kai "a rufe tulu", na miƙa hannu na saki fatar.

Kowa ya shafa fuska. Maƙwabcin ya ce, "Allah ya ƙara sani. Wane littafi ne wannan?"

Na ce, "Na ruwa ne."

Ya ce, "Ai kuwa an ji."

A ɗakin goro na zuba maganin a tasa, na nutsa fim ɗin, ina girgiza tasar a hankali ƙarƙashin jar tocila. Bango ya fara fitowa. Sai riga. Na zuba wa saman wuyan ido. Hula ta fito, sai kunnuwa, sai hanci, sai idanu biyu a buɗe. Ba firizar yake kallo ba. Ya ɗan karkata gefe, wajen da na tsaya da littafi. Goron yana nan a tsakanin yatsunsa. A kewaye da shi mutum huɗu, kowa gwargwadon lokacin da ya zo: maƙwabcin ya fito sosai, manomin ana ganin bango ta cikin ƙirjinsa, mai sandan kuwa tafukan hannunsa ne kawai suka samu shiga.

Da ya bushe na kai wa Baba. Irin wannan fim komai a juye yake fitowa, fari ya zama baƙi, baƙi ya zama fari. Na yi masa bayani cewa wannan uwar hoto ce kawai, zan kai ta Parakou, Kawu ya fitar da na gaskiya a kan takarda, in ba yara. Ya ɗaga fim ɗin ya saita shi da sama. Ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Gemun nan baƙi ne."

"E, Baba. A na takardar zai koma fari yadda yake."

"Wa ya aike ka?"

"Ai don yara su san kamanninka."

"Su zo nan su gani. Haka gemuna yake lokacin da na auri uwarka. Wannan abin naka ya fi ka sanina."

Na roƙe shi aron kwana biyu, ya ƙi. Na sa Yaya ta roƙe shi, ta dawo ta ce ita ma ta fi son mai baƙin gemun. Aka sa kafinta ya yi masa katako, aka rataye shi a tagar zaure inda rana ke ratsa shi da safe. Da hutu ya zo na kawo yaran. Suka tsaya suna kallon kakansu da farar fuska da baƙin gemu, shi kuma yana zaune a ƙarƙashin tagar yana gaya musu wanda ke sama shi ne na ainihi.

Firizar ba ta koma Parakou ba. Direbobi biyu sun ƙi ɗaukarta, Yaya kuma ta gano ɓera ba ya iya shiga cikinta, ta cika ta da garin masara. Takardata tana nan manne a jikin murfin.

Yanzu duk zuwan da na yi Djougou, bayan la'asar Baba zai ciro goro daga baki ya ce in ɗauko littafi. Na wuce darasin ruwa da daɗewa, amma shi yake so. A zuwana na baya na karanta masa shi ban yi tuntuɓe ko a doguwar kalmar ba. Na rufe littafin ina jiran ya ce wani abu.

Ya mayar da goron bakinsa ya ce, "Ka fara sauri. Da yau ne, da rabin kaina kawai zai fito."